Makirufo Ɗaya, Baki Arba'in

Aikina a daren nan shi ne kai makirufo
daga hannu zuwa hannu,
a ajin makarantar Punta Lelbun,
can kudancin tsibirin Chiloé,
inda ruwan sama ke dukan kwano
kamar mai bin bashi.

Kujeru arba'in, ƙarnin kifi, warin jiƙaƙƙen ulu.
A teburin malamai
Magajin Gari Evaristo Oyarzún
ya jera takardu, ya jera murmushi.
Gadar katako ta bakin teku ce ta tara mu,
wadda guguwa ta karya bara waccan.
Har yau mata na shiga ruwan sanyi zuwa ƙugu
kafin kwandon kifi ya taka ƙasa.

Nibaldo mai jar hula na fara kai wa.
Bai taɓa gada ba.
Ya taɓa tumbin Magajin Gari,
ya taɓa ɗingishinsa,
ya taɓa uwarsa da ke kwance a kabari.
Aka yi shewa daga baya.
Makirufo ya dawo mini jiƙe da yawu.

Ruperto mai gidan mai ya miƙe, ya gyara kwat:
"Shugaba uba ne, ba a ɗaga wa uba murya.
A yi haƙuri. A yi shiru."
Babu wanda bai san mai kwangilar man jirgi ba.
Kujeru biyar suka tafa.

Sai sanda ta ɗagu, ba hannu ba.
Hermelinda Barría,
shekara talatin da ɗaya tana cin alli a ajin nan.
Na durƙusa na riƙe mata, don hannunta na rawa.
Muryar ba ta yi ba.

"Nibaldo, ƙafarsa ba ta ci kuɗin gada ba.
Uwarsa ce ta saƙa wa ubanka rigar sanyi.
Ka harbi iska, nama na tsaye yana kallonka.
Gobe zai ce an zage shi,
ba zai ce an tambaye shi ba.
Ka gina masa ɗakin ɓuya da bakinka.

Kai kuma Ruperto, ba a zaɓen uba da ƙuri'a.
Wannan mu muka ɗora shi,
kuma wadda ta ɗora tukunya a wuta
ba ta neman izini kafin ta buɗe murfi."

Ta juya gaba.
"Mai girma Magajin Gari,
a wancan allon na koya maka rabawa.
Miliyan sha takwas aka rubuta wa gada.
Na je da sandata na ƙirga:
turaku shida, ko ƙusa babu.
Raba mini, Evaristo. A hankali, ba na sauri.
Na kira ka mai girma don kujerar tamu ce,
ba na so a zubar mata da mutunci,
ko da wanda ke zaune a kanta ne."

Kwano kaɗai ke magana.
Ya cire tabarau, ya goge abin da ba datti.
Ya ce za a duba.
Ta ce, "Yaushe?"
Ya ce Laraba.
Ta ce, "Yarinya, rubuta."
Ba takarda, na rubuta a tafin hannu.

A ƙofa ya buɗe mata lema.
Ta shiga, ta kama gwiwar hannunsa saboda santsi,
mai ɗingishi da mai sanda,
suna gangara a hankali,
ina jiyo ta har kwana: turaku shida, Evaristo.

Nibaldo ya taya ni naɗe waya, bai ce uffan ba.
Kafin in kai gida ruwa ya ci rabin rubutun,
saura "Lara" a hannuna.
Na dunƙule shi cikin aljihu.
Ƙasa can, cikin duhu,
teku na shiga tsakanin turaku
tana fita, tana sake ƙirgawa.